Don Allah wa ya san asalin sunan Esposito na Italiya? Maganar aure ce ta taso gidanmu

Ɗan Ader (Tahoua):

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda sunka san Italiya ko sunka yi karatun tarihin Turawa. Wana shina Napoli ya daɗe, ta Libiya ya bi kamar sauran ƴan bida, yanzu alhamdu lillahi ya samu takardu shina aikin gini. To kwanaki ya aiko ma Inna bokal, wato saƙon murya, cewa ya samu mata can, Baturiya, shina son ya aure ta, ya hwaɗi sunanta da sunan gidansu, Esposito. Mu dai munka ce Allah shi sanya alheri. Sai ga wani ɗan kawunmu da ke Abijan ya bugo waya wai ya tambayi wani da ya sani, an ce mishi wanga suna ba a ba kowa shi sai jaririn da anka tsinta bakin coci, wai duk mai sunan ba shi da asali. Tun ran nan Inna ta ɗaure fuska ta ce ita ba ta haɗa jini da wadda ba a san tushenta ba, gwaggonninmu kuma sun ɗauki zancen sun kai har ƙauye, kowa na ƙara mishi gishiri, yanzu har an kai ga cewa ita yarinyar da kanta anka tsinta cikin kwali.

Shi kuma wan nawa da na tambaye shi sai ya yi fushi ya kashe waya, ya ce ya san ubanta ya san kakarta, gidansu yake cin abinci ran Lahadi. To ni na rasa na kamawa. Mi ne ne gaskiyar wanga suna? Dangi guda ne ko ƙabila ce? Kuma da gaske abin kunya ne can wurinsu? Wanda ya sani shi taimaka, don ni anka ɗora ma bincike.

Mushe Illa (Yamai):

Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗan kawun naku rabin magana ya ji ya kama gudu da ita. Tushen sunan haka yake, amma abin da ya ɗora a kai ba haka ba ne, bari in yi maka dalla-dalla tunda tarihi nake koyarwa.

Esposito daga harshen Latin ya fito, expositus, wato wanda aka fitar aka ajiye a fili. A Napoli akwai wani gidan renon jarirai na coci da ake kira Annunziata, tun ƙarni na 14 yake nan, duk jaririn da aka kawo aka ajiye ba a san iyayensa ba da wannan kalmar ake shigar da shi rajista, sai ta zame masa sunan gida, in ya rayu ya yi aure ƴaƴansa su gada, jikoki su gada. Kuma ba Napoli kaɗai ke yin haka ba, kowane gari da nasa. A Roma Proietti suke cewa. A Firenze Innocenti, daga sunan gidan marayun garin da aka buɗe a 1445. A Milan da yawa an sa musu Colombo, tattabara ke nan, don ita ce alamar asibitin da ke riƙe da su, ko da yake ba kowane Colombo ne ya fito ta nan ba. A Sisiliya kuwa ba su ɓoye ba, Trovato, wanda aka tsinta. Mutanen Sifen ma suna da Expósito.

Abu na farko da ya kamata Inna ta ji, ba duk jaririn da aka kai waɗannan gidaje ba ne aka haifa ba aure. Akwai su, ba a musu. Amma talauci ya kai da yawa, uwa ta rasu wurin haihuwa uba ba shi da mai shayarwa, ko yunwa ta shigo ga yara bakwai a ɗaki, ko uwa tana aikin masaƙa ba ta da mai riƙe mata. A Milan cikin ƙarni na 19 ma'aurata ne da kansu suke kai ƴaƴansu da yawa, in yaro ya yi wayo hali ya samu su koma su karɓo abinsu. To ka ga ko a wancan zamani ba ka iya duban mai sunan ka yanke masa hukunci.

Na biyu, kuma shi ne babba, an daɗe da daina sa wa jarirai wannan suna. A 1811 Murat, mijin ƙanwar Napoleon da yake sarautar Napoli lokacin, ya hana, saboda ya ga sunan ya zama tambari da ke bin mutum har kabari. Tagar da ake ajiye jariran ta Annunziata kuma an rufe ta a 1875. Dokar Italiya ta yau ma ta hana a sa wa yaron da ba a san iyayensa ba sunan da zai tona asalinsa. Ma'ana duk wanda ka gani yau da sunan Esposito gadonsa ya yi wurin ubansa, uban ya gada wurin kaka, haka har a koma baya wajen shekara 150 ko 200 ko fiye. In ma za a bi hankali, sunan shaida ne cewa tana da uba sananne, don da tsintar ta aka yi a wannan zamani ba wannan sunan za a sa mata ba.

Inda muke ruɗewa shi ne mu sunanmu ba ya daɗewa. Kai in sunanka Salisu Abdu, ɗanka Musa Salisu zai zama, jikanka ya zama wane Musa, Abdu ya fita daga takarda ke nan. Don haka mu in mun ji sunan mutum na biyu muna jin labarin ubansa ne, mutumin da ake iya zuwa a gani. Su kuwa sunan daskarewa ya yi. Tun bayan babban taron cocin Katolika na Trento da aka gama a 1563, aka wajabta wa limaman coci rubuta aure da baftisma a littafi, sunayen gida suka zauna daram, ba sa canzawa. Sunan Bature ɗan Italiya labarin mutum ɗaya yake ba ka wanda ya mutu tun ɗaruruwan shekaru. Rossi da Russo, wani kaka mai jan gashi. Ricci, mai nannaɗaɗɗen gashi. Ferrari, maƙeri. Romano, mutumin Roma. De Luca, ɗan Luka. Yau ka tarar da Rossi baƙin gashi gare shi ko ma sanƙo ne, ba wanda ya ce ya yi ƙarya.

Maganar dangi ko ƙabila kuwa, ba ko ɗaya. Dubban jarirai ne da ba su haɗa komi ba sai ƙofar da suka shiga ta ita, kowa ya kafa nasa gida. Shi ya sa sunan ya yi yawa haka. A jerin sunayen da suka fi yawa a Italiya ana sa shi na 4, bayan Rossi da Russo da Ferrari, a birnin Napoli da jiharta Campania kuwa shi ne na 1. Arewa ba shi da ƙarfi sosai sai abin da ƴan kudu suka tafi da shi lokacin da suka yi ta kwarara Milan da Torino neman aikin masana'antu a shekarun 1950 da 1960. Waje kuma ya bi ƴan ci-rani, don su ma sun yi bida irin ta mutanen Ader, tsakanin 1880 da 1920 wajen mutum miliyan 4 suka shiga Amurka daga Italiya, akasari ƴan kudu, wasu suka nufi Ajantina da Barazil. Ka je New York ko Buenos Aires za ka iske sunan.

Na Malam Napoli:

Mushe ya gama magana, ni dai abin da ido ya gani zan ƙara tunda nan nake zaune. Farkon zuwana aikin rabon takardun talla na yi, gida gida kana sakawa a akwatin wasiƙa, kuma nan kowane bene akwai allo bakin ƙofa da maɓallan ƙararrawa, kowane maɓalli da sunan gidan da ke ciki. Wallahi ɗan'uwa akwai benen da za ka ga Esposito hawa na ɗaya, Esposito hawa na uku, Esposito can sama, ka ɗauka gidan gado ne, ashe ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su. Likita Esposito, lauya Esposito, ɗan sanda, mai sayar da kifi, direban bas. In ɗan Italiya zai yi misali da mutumin Napoli na gargajiya Gennaro Esposito yake cewa, don shi ne sunan da ya fi kowane cika gari. Ban taɓa jin wanda aka goranta wa ba, kuma mutanen nan ba su da kawaici wurin zagi, in da abin gori ne da na ji shi a kasuwa.

Wurin da Mushe ya faɗa kuma na shiga, ba shi da nisa daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Garibaldi inda ƴan Afirka ke taruwa, da ƙafa ake zuwa, wajen unguwar Forcella. Abin yana nan an adana shi. Wani duro ne na katako a tsaye cikin bango, gefe ɗaya a buɗe, yana juyawa. Daga waje ta bakin titi wata ƴar taga ce ƙarama mai kusurwa huɗu, yanzu an toshe ta. Uwa ta zo da dare ta sa jariri ta tagar ya shiga duron, a juya, ya koma ciki inda mata masu kwanan jira suke, ba ta ga fuskarsu ba su ma ba su ga tata ba. Abin da ya tsaya mini a rai ƙanƙantar tagar, sai ka tsaya kana auna ta da hannu kana cewa nan ɗan mutum ya bi. An ce har yaran da suka ɗan girma ana shafe su da mai a tura don su wuce, wasu su ji ciwo.

Suna da littattafan da ake rubuta komi, ranar da aka kawo yaro da sa'a, irin tsumman da ke jikinsa, wata alama in akwai. Iyaye mata da yawa suna barin shaida, rabin kwabo ko rabin ƴar lambar wuya, ko guntun ƙyalle, ko ƴar takarda, su riƙe ɗaya rabin don in Allah ya kawo sauƙi su zo su haɗa su karɓi ɗansu. Wadda ta karya kwabo biyu ta ɓoye rabi ai ba yarwa ta yi niyya ba. Mutanen gari kuma ƴaƴan Madonna suke kiran yaran, wato ƴaƴan Maryam. Da yawa dai ba su rayu ba, cuta da ƙarancin masu shayarwa sun kashe jarirai ba adadi a irin gidajen nan, duk Esposito na yau jikokin waɗanda suka tsira ne.

Shawara ɗaya, kar wanka ya bari yarinyar ko iyayenta su ji abin da ake faɗa a gida. Mutanen kudu suna da riƙon dangi sosai kuma uwa ita ce komi wurinsu, in suka ji an taɓa musu asali abin ba zai yi kyau ba.

Baban Fada (Yamai, Boukoki):

Hhhh kai jama'a. Ɗan Ader ka ce ma Inna ta gode Allah ba Ferrari ba ce, da yanzu gwaggonni sun ce ɗiyar maƙera ce ba a aure 😂 alhali motar da ke ɗauke da sunan ko tayarta ba mu iya saye. Ni dai Esposito da na sani masu buga ƙwallo ne, ƴan gida ɗaya su uku, Salvatore da Sebastiano da ƙaraminsu Pio na Inter, ƴan Castellammare di Stabia ne nan kusa da Napoli, uwa ɗaya uba ɗaya kowa ya san su. Akwai kuma Giancarlo Esposito ɗan fim na Amurka, ubansa mutumin Napoli uwarsa baƙar fata, ka ga an riga wanka haɗa irin wannan jini tun 1958. Har pizza Margherita ana cewa wani Raffaele Esposito ne ya yi wa sarauniya ita a 1889. In an ɗaura a aiko mana rigar Napoli ta zamanin Osimhen mu ne ƴan rakiya.

Abu Hafsa:

Assalamu alaikum. Wasa wasa ne amma akwai wurin da ya kamata a ji tsoron Allah a cikin zancen nan, kuma ɗan kawunku nake nufi da masu yaɗawa. Jifan mutum da cewa ba ta hanyar aure aka same shi ba jifan uwarsa ne, kuma mun san abin da Suratun Nur ta tanada kan ƙazafi, bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu 4 ba. Ko malamai sun yi bayani kan sharuɗɗan tsayar da haddin, zunubin ƙarya da ɓata mutunci bai faɗi ba don wadda aka yi wa ba Musulma ba ce.

Sannan a ɗauka ma ita ɗin aka tsinta. Fiƙihunmu na Malikiyya yana da babi sukutum kan tsintaccen yaro, laƙiɗ. Ɗaukarsa farilla ce ta kifaya, in duk gari suka bar shi ya mutu duk sun yi laifi, kuma ɗa ne ba bawa ba, in ba shi da dukiya baitulmali ke ciyar da shi. A Muwaɗɗa akwai mutumin da ya tsinci jariri zamanin Sayyidina Umar ya kawo masa, da aka shaidi mutumin da kirki Umar ya ce ya tafi da shi, yaron ɗa ne, ciyarwarsa kuma tana kan hukuma. Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu, in ba a san ubannin ba to ƴan'uwa ne a addini. Ba a ce a yi musu tambari ba. Ni a ganina wannan Murat ɗin da ya hana sunan ya fi kusa da wannan ayar bisa ga masu bugo waya daga Abijan.

Binciken da shari'a ta san da shi a nan daban ne. Auren mace ma'abuciyar Littafi ya halatta da nassin Ma'ida matuƙar kamila ce, ko da yake Malikiyya sun karhanta, musamman in a ƙasarsu za a zauna, saboda tarbiyyar yara. To a tambayi wannan. Tana riƙe da addininta ko ba ta yarda da komi ba, don hukuncin ya bambanta. Wa zai ɗaura, da waliyyi da shaidu da sadaki ko a meri, wato ofishin magajin gari, kawai za a sa hannu. Yara wane addini za su tashi a kai. Nan ne wurin tsayawa.

Maman Nana (Tahoua):

Ni ku yi mini haƙuri, duk kun ba da amsar abin da anka tambaya amma ba ku taɓo ciwon Inna ba. Ni uwa ce kuma nawa ɗan shina Aljeriya. Kuna tsammani tsohuwa da ke Tahoua ta damu da abin da ya faru bakin wata coci shekara 200 da sunka wuce? Sunan nan sanda ce ta samu ta riƙe. Tsoronta ɗanta ya tahi ke nan, ba ya dawowa, kuɗin da yake aikowa su rage, jikoki su tashi ba su jin Hausa ba ta iya ko yi musu wasa, kuma wata ƙila akwai ɗiyar ƴar'uwa da ta daɗe da ajiye mishi a rai. In kun kawar da maganar suna gobe za ta samo wata.

Kuma mu da ke da Ajuji da Ayashe da Bawa cikin danginmu mi za mu ce ma wani? Kakata Ajuji sunanta, don uwarta ta yi ta haihuwa suna mutuwa, da anka haife ta anka kai ta bisa juji anka ajiye kamar ba a so, sannan anka ɗauko. Ɗiyar malami ce, gidansu sananne. In Bature ya fassara sunan ya ce a bola anka tsince ta mu yarda?

Ɗan Ader ka bar karanta ma Inna tarihi. Ka sa wanka ya kira ta bidiyo, shi da yarinyar da uwar yarinyar, ta ga tsohuwa irinta zaune cikin ɗaki da hotunan jikoki a bango. A koya ma yarinyar ina kwana Inna da ina gajiya ko da karkatacce ne. Kuma shi hwaɗa da bakinshi yaushe za ya kawo ta gida a gan ta.

Ɗan Ader (Tahoua):

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka. Mushe na kwashe bayaninka na tura ma kawu babba don shi Inna ke jin maganarshi. Maman Nana kin hwaɗi gaskiya, akwai ɗiyar gwaggo da ake ta zancenta tun bara, kuma ita gwaggon ce ta fi kowa ɗaga murya. Saura abu guda da kawu ya tambaya, in sun haihu yaran sunan wa za su ɗauka, kar a wayi gari jikokinmu su ma Esposito ne a takarda.

Na Malam Napoli:

Wannan sai sun zauna sun shirya tun kafin haihuwa. Da can sunan uba ake sa wa yaro kai tsaye, amma a 2022 kotun tsarin mulkin Italiya ta soke wannan, yanzu yaro na ɗaukar sunan uba da na uwa duka biyu a jerin da suka yarda, sai in su biyun sun amince a sa guda ɗaya. To in wanka yana son nasa kaɗai sai da yardarta, su faɗa wurin rajistar haihuwa. Ita kuma matar ba ta canza nata, a nan mace da sunan gidan ubanta take zama a takardunta har ta mutu.

Wani abin da zai ba kawu mamaki, sunan da ke wurin nom a fasfo ɗin wanka shi ne suke ɗauka sunan gida, kuma mu galibi sunan mahaifi ne a wurin. Ke nan yaron ba sunan wanka zai ɗauka ba, sunan babanku zai ɗauka, ɗansa ma haka. Akwai wani ɗan Madawa nan da ya yi ta gardama da ma'aikaciyar rajista kan a sa sunansa shi, ta ce ba ta da hurumi, abin da ke fasfo shi za ta rubuta. Ka ce wa wanka ya duba yadda aka rubuta sunan a fasfo da takardar zama tun yanzu, in akwai harafin da ya bambanta ya gyara kafin ranar, don gyara bayan an yi rajistar yaro wahala ce babba.